Kwana Uku a Bakin Kanal ɗin Erie

Na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin ban ruwa a yankin Kura da Kadawa, shi ya sa duk inda na ga an haƙa wa ruwa hanya sai na tsaya na ƙare masa kallo. Da ɗan ƙanwata, wanda yake aiki a Albany, babban birnin jihar Niyok ta Amurka, ya tambaye ni inda nake so ya kai ni kafin in koma gida, ban yi wani dogon tunani ba na ce masa kanal ɗin Erie.

"Kawu, ai tsohon rami ne kawai. Kullum ina wuce shi a hanyar ofis."

"To, ramin nake so mu bi, daga bakinsa har ƙarshensa."

Muka fita ranar wata Juma'a a watan Oktoba, da sanyin safiya. Ganyen itatuwa duk ya juye, wani ja, wani ruwan ɗorawa, sai ka ce an yi wa dajin rini. Zangonmu na farko bai yi nisa ba, garin Cohoes ne, inda kogin Mohawk yake zubowa daga kan dutse da ruri kafin ya haɗu da kogin Hudson. A nan mutum zai gane matsalar da ta dami mutanen wancan zamani. Jirgi yana iya tasowa daga teku ya biyo Hudson har Albany. Daga nan kuwa sai duwatsun Appalachia su tare gabansa, sun miƙe daga arewa zuwa kudu kamar ganuwa, kuma ƙofa mai sauƙi da Allah ya bari a jikinsu ita ce kwarin Mohawk. Sai ga shi kogin da yake cikin kwarin ba ya biyuwa, ga magangara ga duwatsu. Sa'an nan tafkin Erie da ake son kaiwa ya fi Hudson tudu da ƙafa sama da 560. Duk wanda ya taɓa jan ruwa zuwa gona ya san ruwa ba ya hawa tudu don an roƙe shi.

Mahaifina fataucin hatsi ya yi, kuma tun ina yaro nake jin yana cewa ba a gona ake yanke wa masara farashi ba, a hanya ake yankewa. Maganarsa ce ta yi ta dawo mini da na karanta labarin Jesse Hawley. Shi ɗan kasuwar garin alkama ne a yammacin jihar, kuɗin dako ya cinye masa jari, bashi ya yi masa katutu, aka kulle shi a gidan yarin masu bashi na garin Canandaigua. A cikin kurkukun ya zauna a 1807 da 1808 yana rubuta maƙaloli a jarida, yana zayyana yadda za a haƙa hanyar ruwa daga Hudson zuwa Erie, da inda za ta bi, da abin da za ta ci. A lokacin, kai tan ɗaya na kaya daga Buffalo, garin da yake bakin tafkin Erie, zuwa birnin Niyok a keken shanu yana cin kusan dala 100. Manomin da ya noma alkama a can ba shi da yadda zai yi da ita sai ya ci, ko ya ba dabba, ko ya mai da ita giya don ta fi sauƙin ɗauka.

Gwamnatin tarayya ba ta karɓi maganar ba. Da aka kai wa shugaba Thomas Jefferson a 1809, cewa ya yi tunanin irin wannan aiki a wannan lokaci bai fi ƙarfin a kira shi hauka ba. Magajinsa James Madison kuma, ana gobe zai sauka daga mulki a watan Maris na 1817, ya ƙi sa hannu a dokar da za ta ba da kuɗin hanyoyi da kanal, don a ganinsa tsarin mulki bai ba majalisa wannan iko ba. Jihar Niyok ta ce to, ita za ta ci bashi ta yi da kanta. Wanda ya ɗora abin a kansa shi ne DeWitt Clinton, tsohon magajin garin birnin Niyok, wanda ya zama gwamna a shekarar. 'Yan adawa suka laƙaba wa aikin suna ramin Clinton.

Mun yi sallar Juma'a a Utica, a wani masallaci na mutanen Bosniya da suka zo gudun hijira bayan yaƙin ƙasarsu, suka sayi tsohuwar majami'a suka gyara ta. Bayan an idar wani dattijo ya riƙe hannuna ya daɗe, ba ya jin yarena ba na jin nasa, sallama ce kaɗai ta haɗa mu. Daga nan muka wuce garin Rome, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba.

A Rome aka fara sara diga, ranar 4 ga Yuli, 1817. Dabarar da suka yi ta burge ni ƙwarai. Ba su fara daga Albany ko daga Buffalo ba, inda duwatsu suke. Sun fara daga tsakiya, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai tsawon mil da yawa, don a yi saurin ganin ruwa yana gudu, jirgi yana tafiya, kuɗin fito yana shiga, bakin masu suka ya mutu. Kuma waɗanda suka jagoranci aikin, irin su Benjamin Wright da James Geddes, ba injiniyoyi ba ne da farko. Alƙalai ne da suka koyi aikin safiyo saboda shari'ar filaye. A bakin aiki suka koyi sauran. Wani matashi a cikinsu, Canvass White, ya je Ingila ya yi ta yawo a ƙafa yana duba nasu kanal, ya dawo ya gano wani dutse a nan cikin jihar da ake yin simintin da yake ƙara ƙarfi a cikin ruwa. Babu katafila, babu tifa. Shebur ne da diga da baro da gatari, sai shanu da dawakai, sai wata na'ura mai manyan ƙafafu da suka ƙera don tumɓuke kututture. Da haka suka haƙa mil 363, faɗi ƙafa 40, zurfi ƙafa 4, cikin shekara takwas, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 7. Ni da na san wahalar daidaita gangare a kanal na kilomita biyu kacal, na tsaya a bakin ruwan nan ina jinjina musu har cikin raina.

Amma a tsakiyar garin na Rome akwai wani wuri da ya sauya mini tafiyar gaba ɗaya. Sansanin soja ne na katako da ƙasa, Fort Stanwix, wanda aka sake ginawa a kan tsohon gurbinsa. Kafin Turawa su zo, nan ne mutanen Oneida suke sauke kwale-kwalensu daga kogin Mohawk su ɗauka a kafaɗa zuwa wani rafi da yake gangarawa yamma. Wato hanyar nan da ake yabon injiniyoyi da ganowa, masu ƙasar sun daɗe suna bin ta. Oneida ɗaya ce daga ƙabilu shida da suka ɗaure kansu kamar tsintsiya a ƙarƙashin sunan Haudenosaunee: Mohawk, Oneida, Onondaga, Cayuga, Seneca da Tuscarora. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya tashi, yawancinsu suka bi Ingila, aka tura musu runduna a 1779 ta ƙone garuruwansu kimanin 40 da rumbunansu. Su Oneida kuwa Amurkawa suka mara wa baya, suka zubar da jininsu tare da su a fagen Oriskany, nan kusa, a 1777.

Sakayyar da suka samu ita ce ta tsaya mini a maƙogwaro. A 1788 jihar Niyok ta karɓe miliyoyin eka daga hannunsu da sunan yarjejeniya, ta kuma ci gaba da gutsura, yau nan gobe can. Cikin shekarun 1820, daidai lokacin da ake shagalin buɗe kanal, da yawansu suka tattara suka nufi Wisconsin. Zuwa farkon ƙarni na 20, abin da ya rage musu a ƙasar kakanninsu eka 32 ne. Sai a 1985 kotun ƙolin Amurka ta yarda cewa cinikin da jihar ta yi da su a 1795 ya saɓa wa dokar tarayya. Ɗan nawa ya karanta allon bayanin sau biyu, ya juyo ya ce, "Kawu, wallahi shekara shida ina jihar nan ban san wannan ba." A mota har muka isa Syracuse babu wanda ya ce uffan.

Washegari muka shiga gidan tarihin kanal da yake tsakiyar Syracuse. Ginin kansa sikeli ne, an gina shi a 1850. Jirgi zai shigo wani ɗaki mai ruwa, a rufe ƙofofi, a zuƙe ruwan, jirgin ya zauna a kan wani katon ma'auni na katako. An riga an san nauyinsa in babu kaya, sai a debe, abin da ya saura a karɓi kuɗin fito a kansa. Titin da yake gaban ginin a yau, wanda motoci suke ta zirga-zirga a kai, shi ne tsohon kanal ɗin da aka cike. A ciki akwai jirgi irin na da, na shiga na zauna a kan benci. Rufin ya yi ƙasa, gadajen kwana 'yan sirara jere a bango kamar kanta. Ba inji ke tura jiragen ba, alfadarai da dawakai ne suke ja da igiya daga wata 'yar hanya a gefen ruwa, kuma doka ta hana wuce gudun mil huɗu a awa don kada igiyar ruwa ta cinye gaɓa. Masu kora dabbobin galibi yara ne, wasu marayu, suna tafe a ƙasa dare da rana, awa shida aiki awa shida hutu. Na daɗe a gaban wani hoto na yaro riƙe da linzami, ƙafarsa duk taɓo. Shekarunsa ba za su wuce na yaran da suke kora mana shanun huɗa a gida ba.

Da wannan tafiyar hawainiya aka juya arzikin ƙasa. Dakon da yake cin dala 100 ya faɗo zuwa kimanin 10. Tafiyar mako biyu daga Albany zuwa Buffalo ta koma ta kwana biyar. Gishirin Syracuse ya samu kasuwa, kuɗin fito ya biya bashin aikin cikin shekara goma da 'yan kai, birnin Niyok ya tsere wa Philadelphia da Boston da Baltimore a harkar tashar jiragen ruwa, kuma har yau ba su kamo shi ba. Manomin da a da yake noma abin da iyalinsa za su ci ya koma noma abin da za a saya a wani gari da bai taɓa gani ba. Ya fara riƙe kuɗi, ya fara cin bashin banki, farashin da aka yanke a nesa ya fara hana shi barci.

Mun ratsa fadamar Montezuma, wadda yanzu mafakar tsuntsaye ce. A lokacin haƙa, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ma'aikata da yawa a nan, har sai da aka jira sanyi ya shigo kafin a ci gaba. Daga nan na roƙi yaron mu ɗan karkata kudu zuwa Canandaigua, garin da aka tsare Hawley. A gaban kotun garin akwai wani dutse mai allon tagulla, na tunawa da yarjejeniyar 11 ga Nuwamba, 1794, wadda gwamnatin George Washington ta ƙulla da ƙabilun nan shida, ta yi alkawarin ba za ta taɓa ƙasar da ta rage musu ba. Cikin sharuɗɗan akwai kayan dala 4,500 duk shekara, kuma har gobe gwamnatin Amurka tana aika musu da yadi a kan haka. Yadin ya ƙanƙance ƙwarai saboda tsadar zamani, amma suna karɓa, don shi ne shaidar cewa yarjejeniyar tana raye. Gari ɗaya ke nan ya haɗa mutumin da ya yi mafarkin kanal da takardar da kanal ɗin ya taimaka aka tattake.

Rochester muka kwana. A 1820 mutanenta kimanin 1,500 ne, zuwa 1840 sun haura 20,000. Kogin Genesee yana faɗowa daga tsayin ƙafa 96 a tsakiyar gari, da ƙarfinsa aka riƙa juya duwatsun niƙa, fulawa tana fita ganga-ganga zuwa gabas. Kanal ɗin ma a kan gada aka ɗora shi ya tsallake kogin, ruwa a kan ruwa, kuma gadar dutse ta biyu, wadda aka kammala a 1842, tana nan, mota ce take bi ta samanta yanzu.

Da yamma muka je maƙabartar Mount Hope, inda kabarin Frederick Douglass yake, bawan da ya tsere ya zauna a garin nan daga 1847 yana buga jaridar yaƙi da bauta. A nan ne hirar ƙuri'a ta taso, don yaron ya tambaye ni ko talakan da ya haƙa kanal yana da ta cewa a mulkin jihar. Amsar tana da daɗi da ɗaci. A da, sai mai fili ko dukiya yake zaɓen gwamna. A 1821, ana tsakiyar haƙa, aka yi taron sake tsarin mulkin jihar, aka sassauta sharaɗin ga fararen fata, sannan a 1826 aka kusan share shi baki ɗaya. Lebura da ɗan dako da mai tuƙin jirgi suka samu ƙuri'a, abin da a lokacin ko a Ingila ba a yi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban yarda a raina shi ba. Amma a wannan zama na 1821 aka rubuta cewa baƙin mutum sai ya mallaki fili na dala 250 kafin ya yi zaɓe, alhali a da sharaɗi ɗaya ne a kan kowa. An buɗe wa wasu ƙofa da hannun dama, an turo ta a fuskar wasu da na hagu. Bauta kanta ba ta ƙare a jihar ba sai 4 ga Yuli, 1827, kuma sharaɗin dala 250 ya zauna har 1870. Mata kuwa, fari da baƙi, sai 1917.

Sabbin masu ƙuri'ar ba su daɗe ba suka nuna ƙarfinsu. A 1824 'yan ɓangaren Martin Van Buren, abokin hamayyar Clinton a siyasa, waɗanda suka riƙe majalisar jiha, suka tsige Clinton daga hukumar kanal, kujerar da ya yi shekaru a kai ba ya karɓar albashi. Jama'a suka fusata, aka yi ta taruka, kafin shekara ta ƙare suka mai da shi gwamna da ƙuri'unsu. Shi ya sa shi ne ya hau jirgin buɗe kanal a 1825. Van Buren bai karaya ba. Irin jam'iyyar da ya gina a Albany, mai jarida da wakilai har ƙauye da ladabtar da 'ya'yanta, da ita ya taimaka aka kai Andrew Jackson fadar shugaban ƙasa a zaɓen 1828, gwarzon talakan Bature. Jackson ɗin ne kuma ya sa hannu a dokar 1830 ta kwashe 'yan asalin ƙasa zuwa yammacin kogin Mississippi. Talakan da ya samu ƙuri'a fili yake so, kuma ya san wanda zai ba shi.

Ranar Lahadi muka isa Lockport, inda na fi ɗokin gani. A nan akwai wani tudun dutse mai tsayin ƙafa 60, irin dutsen da ruwan Niagara yake zubowa daga kansa. Nathan Roberts ya tsara ɗakunan ruwa biyar-biyar a jere kamar matakala, sahu ɗaya na hawa, ɗaya na sauka. Sahu guda na tsoffin, wanda aka sake ginawa da girma bayan na Roberts, yana nan, a gefensa kuma manya biyu na zamani. Muka hau jirgin 'yan yawon buɗe ido. Jirgin ya shiga ɗaki na farko, ƙofofin ƙarfe suka rufu a bayanmu, muka tsinci kanmu a ƙasan wani rami mai bango baƙi, jiƙe, gansakuka ta kama shi, sama ta koma 'yar tsaga. Sai ruwa ya fara tafasowa daga ƙasa, ba famfo ba inji, nauyinsa ne kawai yake turo shi daga ɗakin da yake sama. Na miƙa hannu na dafa bangon, ina jin sanyinsa yana zamewa ƙasa a tafina, alhali mu ne muke tashi. Cikin 'yan mintoci sai ga mu a sama, ga titi, ga mutane suna ɗaga mana hannu. Duka ɗakuna 83 ne irin wannan a tsohon kanal ɗin.

"Kawu, ka ga idonka kuwa?"

"Bar ni, ɗana. Gani ya kori ji."

Bayan matakalar sai wani dogon yanka a cikin dutse, wanda aka fasa da albarushi. Ma'aikata da yawa a wannan sashe 'yan ci-rani ne daga Ailan, kuma duwatsun da suke tashi sama in an kunna wuta sun hallaka wasu, sun nakasa wasu. Har yanzu ana ganin sawun fasa a jikin bangon.

La'asar sakaliya muka shiga Buffalo. An sake tono bakin kanal na asali, inda yake haɗuwa da ruwan tafki, an bar tsoffin duwatsun ginin a fili. Daga nan jirgin Clinton ya tashi ranar 26 ga Oktoba, 1825. An jera igwa tun daga Buffalo har birnin Niyok, wannan ta buga waccan ta amsa, labari ya isa cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Ranar 4 ga Nuwamba ya juye gangar ruwan Erie a cikin teku, suka kira abin auren ruwa da ruwa. Sunan jirgin Seneca Chief, wato sarkin Seneca.

Ta wannan baki dubban iyalai suka bi zuwa Ohio da Indiana da Illinois da Michigan, da garmarsu da tukwanensu. Michigan ba ta kai mutum 9,000 ba a ƙidayar 1820, wadda ba ta lissafa 'yan asalin ƙasa. A 1840 ta haura 200,000, ta riga ta zama jiha tun 1837. Alkamar da suka noma ta biyo hanyar ta dawo, har wani ɗan kasuwa, Joseph Dart, ya gina rumbu mai injin tururi a farkon shekarun 1840 don kwashe hatsi daga jirgi. Jikokin wannan rumbu suna nan tsaye a bakin kogin Buffalo, dogaye, na kankare, yawancinsu babu kowa ciki. Na so a ce mahaifina ya gan su.

Ƙasar da rumbunan suke kallo, kudu da gabashin gari, ita ce Buffalo Creek, mazaunin Seneca. Da kanal ya iso, kowace eka ta zama zinariya, wani kamfanin filaye ya sa musu ido. A 1838 aka fito da wata yarjejeniya da aka samu hannun wasu shugabanni a kanta ta hanyar toshiya da matsin lamba. Seneca suka yi ta ƙara, a 1842 aka mayar musu da wasu yankunan, amma Buffalo Creek ta tafi.

Yaron ya duba agogo ya ce in muka hanzarta za mu riski Niagara kafin duhu. Na ce ya fara kai ni maƙabartar Forest Lawn. Kusa da ƙofa akwai mutum-mutumin Red Jacket, mai magana da yawun Seneca, wanda ya ƙare rayuwarsa yana faɗa wa mutanensa kada su sayar da ƙasa. Ya rasu a 1830, aka binne shi a Buffalo Creek, daga baya a 1884 aka kwaso ƙasusuwansa zuwa nan. An ƙera shi a tsaye, a ƙirjinsa ga lambar da Washington ya ba shi a 1792. A gindin dutsen wani ya ajiye ɗan ƙullin taba da zangarniyar masara guda, mai launi-launi, irin tasu. Na durƙusa na duba ƙwayar, ba ta daɗe da barin gona ba. Iska ta taso daga wajen tafki, yaron ya cire rigar sanyinsa ya yafa mini, muka koma mota.